Kimiyyar kwantam ba ta ce tunaninka ne ke juya duniya ba

1/ Jama'a, akwai maganar da ke yawo a TikTok da Facebook, wai kimiyyar kwantam ta tabbatar cewa hankalin mutum ne ke ƙirƙirar duniya, duk abin da ka sa a rai shi zai faru. Har kuɗi wasu ke ci da ita. Ni dai na ce ba ta tabbatar ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Kwantam reshen fiziks ne da ke bayanin abubuwa mafi ƙanƙanta, irin su ilektaron da ƙwayar haske. Max Planck ne ya buɗe ƙofarta a 1900. Gaskiya ce fa: wayar hannunka da na'urar MRI ta asibiti duk da ita suke aiki.

3/ Ruɗanin daga wani gwaji ya samo asali. Ana harba ilektaron ta tsaga biyu. In ba a auna ta inda ya bi ba, sai zane irin na igiyar ruwa ya fito a allo. Da zarar an sa na'urar da ke gano tsagar da ya bi, zanen ya ɓace.

4/ Nan masu bidiyo ke cewa "ka gani, kallonka ne ya canza shi!" A'a. Masana suna cewa "kallo" ne, amma awo suke nufi. Na'ura ce ke taɓa ilektaron ɗin. Ko ba kowa a ɗakin, zanen zai ɓace. Ƙwayar iska ma in ta buge shi ta wadatar.

5/ H. Dieter Zeh ya fara bayanin haka a 1970: babban abu kullum yana cuɗanya da iska da haske da zafi, shi ya sa halin kwantam ba ya bayyana a jikinsa. Dutsen Goron Dutse yana nan daram ko duk mutan unguwar sun yi barci.

6/ A yi adalci, manya sun taɓo zancen. Eugene Wigner ya rubuta a 1961 cewa wataƙila hankali na da hannu a awo, daga baya ya janye. Roger Penrose da Stuart Hameroff kuma sun ce sanin kai yana fitowa ne daga aikin kwantam a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

7/ Amma a 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa ƙwaƙwalwa, da ɗuminta da danshinta, tana rusa halin kwantam cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa, alhali jijiyoyinta a kashi ɗaya bisa dubu suke aiki. Hameroff ya musa, har yau hasashe ne. Nobel ɗin Penrose na 2020 ma kan baƙin ramin sararin samaniya ne.

8/ Me ya dame ni? Na farko, lafiya. Kun san injin nan da ake ba ka ƙarfe ka riƙe, laftof ta zayyano maka ciwon ƙoda da hanta cikin minti biyu, an rubuta "kwantam" a jikinsa? Ba gwajin jini ba ne, ba hoto ba ne. Mai hawan jini ya bar maganinsa saboda shi, wa gari ya waya?

9/ Na biyu, in tunani ne ke kawo arziki, kenan talaka shi ya jawo wa kansa. Matashin da ya gama BUK yana neman aiki shekara uku, ka ce masa bai iya tunani ba ne? Haba.

10/ Na uku, masu jingina addini da ita. Imaninmu da ruhi ba ya buƙatar aron hujja daga hasashen da gobe za a iya rushewa.

11/ Yadda ƙwaƙwalwa ke haifar da sanin kai babbar tambaya ce da kimiyya ba ta warware ba tukuna. Duk wanda ya ce maka kwantam ta warware, tambaye shi: wane gwaji, wa ya yi, a wace shekara? In kuma ya biyo da lambar asusu, riƙe kuɗinka.