Ƙaramar Hukuma Ta Riƙa Faɗa Wa Mutanen Gari Nawa Ta Karɓa

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba, ta kuma haramta rushe zaɓaɓɓun shugabanni a naɗa kantomomi a madadinsu. An yi murna, daga baya kuma aka shiga jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma a ƙaddara ma an aiwatar da hukuncin baki ɗaya, kowane kwabo ya sauka a asusun ƙaramar hukuma. Mutumin Gumel ko na Malumfashi ba zai ga canji a ƙofar gidansa ba muddin bai san nawa ya shigo ba, bai kuma san inda aka kai shi ba. Kuɗin da ya bar hannun gwamna ya faɗa hannun ciyaman a asirce, wurin ɓuya kawai ya sake.

Aikin ƙaramar hukuma ba ɓoyayye ba ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da kwashe shara, da gyaran magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A ƙaramin gari waɗannan su ne gwamnati. Idan damina ta kankama, kwalbatin bakin kasuwa ya toshe da leda, ruwa ya shiga gidaje ya zubar da katangun ƙasa, ba minista ake nema ba. Idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi, amai da gudawa ya ɓulla a unguwa, sakatariyar da ke bayan tasha ita ce ke da alhaki. Duk da haka, a garuruwa da dama za ka tarar da malamin makaranta da ke iya faɗa maka kasafin kuɗin tarayya na bana, amma bai taɓa ganin na ƙaramar hukumarsa ba.

Wannan jahilci yana da asali. A zamanin En'e, baitulmali da kuɗin talaka yake cika. Dagaci da mai unguwa su ke bi gida gida karɓar haraji, Bafulatani ya biya jangali a kan kowace saniya. Zalunci ya yi yawa a wannan tsari, shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka yi ta sa musu albarka, kuma sun yi daidai. Sai dai mai biyan haraji ya san abin da ya fita daga aljihunsa, saboda haka idan bai ga dubagari yana zagaya unguwa ba, yana da bakin tambaya. Yau akasarin abin da ƙaramar hukuma ke kashewa daga Abuja yake zuwa, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, da wani kaso na harajin kayan masarufi. Kuɗin da mutum bai ga fitarsa daga hannunsa ba, da wuya ya ɗauke shi nasa. Shi ya sa idan ciyaman ya haƙa rijiyar burtsatse ake yi masa godiya kamar daga gadon mahaifinsa ya ciro. Ba wanda ke fatan a dawo da haraji. Abin da zai maye gurbin rasit ɗin haraji na da, ya tuna wa mutum cewa dukiyarsa ce, shi ne sanarwa.

Ba zato ake yi ba, an gwada an gani. A Yuganda, binciken da aka yi ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin da gwamnati ke ware wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai ke isa makarantun, sauran ya maƙale a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100. An yi wasu gyare-gyaren a shekarun, gaskiya ne, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi cin moriya. A nan gida ma, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi a karon farko, an fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu. Har gobe ana fitar da waɗannan alƙaluma duk wata. Matsalar ita ce suna tsayawa a intanet, da Turanci, cikin dogayen jadawalai, ba su taɓa isowa rumfar mai shayi ba.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Duk ƙarshen wata ƙaramar hukuma ta fitar da takarda ɗaya da Hausa: ga abin da ya zo daga Abuja, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha, ga na albashi, ga ayyukan da aka bayar da sunan unguwa da kuɗin aikin da ranar da za a gama. A liƙa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Shafukan Facebook da ciyamomi da yawa suka buɗe, waɗanda yanzu ba abin da ke ciki sai hotunan ta'aziyya da ɗaurin aure da ziyarar ban-girma, su ma za su samu abin yi.

Za a ce mutanen karkara ba su iya karatu ba. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Ranar allurar shan-inna ko ranar rajistar zaɓe, hukuma ta san yadda take kai saƙo kowane lungu, ta bakin mai shela da mai unguwa da limamin Juma'a. Hanyar da ta ɗauki waccan sanarwa za ta ɗauki wannan, kuma manomin da ke lissafin buhunan taki da bashin kaka ba zai kasa gane miliyan nawa aka karɓa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ciyamomi kan ce bayan an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu, abin da ke saura ba ya gina ko kwalbati biyu, balle tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Mai yiwuwa haka ne a wurare da yawa. To, idan haka ne, wa ya fi ciyaman buƙatar a sani? Shi ake zagi a majalisar dattawan unguwa, shi ake zargi da gina gida a birni. Takardar da ta nuna cewa albashi ya lashe kaso mafi tsoka ita ce za ta wanke shi. Sannan idan aka ce ga adadin ma'aikatan asibitin gari kaza, mutanen garin sun san fuskokin da suke gani a bakin aiki, sun kuma san sunayen da ba sa bayyana sai ranar albashi. Babu mai binciken kuɗi daga babban birnin jiha da zai gano ma'aikatan bogi da saurin da maƙwabta za su gano su.

Hujjar da ta fi kowace wuyar amsawa ita ce ta siyasa. Ana cewa ciyaman ba ya tsoron jama'a domin ba su suka ɗora shi ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne ke naɗa ta, kuma kusan ko'ina jam'iyyar da ke mulki ce ke kwashe kujeru. A zaɓen Kano na Oktoban 2024 jam'iyya mai mulkin jihar ta lashe duka 44, kuma jihohin da wasu jam'iyyun ke riƙe da su ba su bambanta ba. Wannan gaskiya ce, kuma takarda a jikin bango ba za ta gyara zaɓe ba. Amma ciyaman da kansila ba kamar gwamna suke ba. Kansila a cikin mazaɓarsa yake kwana, a masallacin unguwa yake salla, 'ya'yansa da na masu ƙorafi tare suke wasa. Yau idan aka tare shi da maganar famfo, zai ce ba a sako kuɗi ba, magana ta mutu a nan, domin babu mai abin da zai ƙaryata shi. Ranar da mai tambaya ya zo da adadi da kwanan wata, dole amsar ta canza, ko dai a nuna aikin ko a faɗi wanda ya riƙe kuɗin. Idan kuwa a sama aka riƙe, to ga shaidar saɓa wa hukuncin kotu ta fito fili, abin da gwamnoni ba za su so ba.

Ba sai an jira sabuwar doka ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati bayyana yadda suke kashe kuɗi, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa wa wanda ya nema a rubuce. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ko ta iyayen yara tana iya rubuta wannan takarda gobe. Wurin farawa mafi sauƙi shi ne kuɗin da ake tarawa a cikin gari, domin shi ba ruwan Abuja da shi. A gari irin Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci duk Alhamis, fatake na shigowa har daga Nijar, dillalai da masu lodin shanu sun san yawan motocin da ke tashi da abin da ake yanka wa kowace. Su ne za su fara gane ko adadin da aka liƙa a bango ya yi daidai da rasit ɗin da suka biya.