Daga Bakin Asusu: Kusu a Jirgi, Kusu a Mangaza

 

Ran taron zubi na makon jiya, mun buɗe mangazar ƙungiya don mu ƙirga waken da muka saya muka ajiye har ya yi daraja. Sai ga buhu biyu da huda a gindi, ga kashin kusu zube a ƙasa. Nan take wata ta ce a aika yaro Kasuwar Dole ya sayo shinkafar ɓera. Har an fara haɗa kuɗi, sai wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Ku dakata, 'ya'yana, in ba ku labari."

Ita wannan Inna tamu ta yi shekaru a tafkin Chadi. Maigidanta masunci ne, ita kuma tana yin banda. Lokacin kamun kifi sukan yi kwanaki cikin jirgi, nan girki, nan kwana, nan ajiyar gari. Sai a 2015, da hukuma ta ce a bar tsibiran tafkin saboda rikicin Boko Haram, suka dawo Damagaram.

Ta ce wata rana kusu ya shigo musu jirgi cikin buhun masara. Ya ci gari, ya ɓarnata banda, ya yayyanke koma. Maigidan ya sa guba. Kusun ya ci, ya je ya mutu ƙarƙashin katako inda hannu ba ya kai. Wari ya hana su barci, ga ɗanta mai rarrafe yana tsintar duk abin da ya gani yana kaiwa baki. Ta ce, "Ranar da na ƙwace ƙwayar maganin daga hannunsa na rantse ba ni ba guba inda ake ajiye abinci." Daga nan suka koma tarko, kuma ba buhun da ke shiga jirgi sai an kakkaɓe shi a gaɓa.

Muka yi shiru, don mangazarmu ma jirgin ce. Abincinmu na ciki, jarinmu na ciki, yaranmu da kajinmu na wasa a ƙofa. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu muka jera buhuna a ƙasa, jingine da bango.

Kada mu raina kusu ɗaya. Cikin mako uku macen ke haihuwa, 'ya'ya biyar, shida ko fiye, su ma kafin wata biyu sun isa haihuwa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin wake ne don iska ba ta shiga. Da kusu ya huda shi, aikin ya tashi. Ga ciwo kuma: zazzaɓin Lassa da ake fama da shi a Najeriya, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci.

Ga abin da muka tsayar. Mun ɗora buhuna bisa katako, mun janye su daga bango yadda mutum zai zaga. Duk ramin da ɗan yatsa zai shiga mun toshe shi da siminti, mun buga gwangwani a gindin ƙofa. Tarko huɗu muka jera a bin bango, don nan ne hanyarsa, da ƙuli-ƙuli a kai. Wanda ya mutu a ɗauke shi da leda, a binne, a wanke hannu da sabulu. Kashinsa kuwa a yayyafa ruwan jabel kafin a share. Mun kuma naɗa mata biyu masu duba mangaza kowace Juma'a, kamar yadda muke da masu riƙe makullan asusu.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi muka koyi kulle kuɗi cikin akwatin ƙarfe. To waken nan ma kuɗinmu ne, zubin makonni ne ya koma buhu. Wadda ke da hatsi ko gujiya a ɗaki, ta leƙa bayan buhu yau, kada ta jira ranar rabo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.