"Mu duka ɗaya ne", to binciken asalin na mene ne?

Da zarar an ɗaga maganar wariya a ƙasar nan, ba a rasa mai cewa: "Ku bar tone-tone. Wannan matsalar Amurka ce. Mu nan duk baƙaƙe ne, duk ƴan Nijar." Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta fi zagi haɗari.

A 2003 wani malamin jami'a a Amurka, Eduardo Bonilla-Silva, ya fitar da littafi kan wariyar da ba a samun mai amsa cewa shi ke yin ta. Bayan dokar ƴancin jama'a ta 1964, ba kasafai Bature ke fitowa ya ce baƙar fata ba mutum ba ne. Sai ya ce shi launi ma ba ya gani. Amma gidan haya, aiki, bashin banki da kurkuku suna nan suna bin launi. Wanda ya nuna haka kuma, shi ne mai raba kan jama'a. Faransa ta ƙara da nata salo: dokar 1978 ta taƙaita tattara bayanan mutane bisa launi ko ƙabila, saboda haka in an hana ka aiki don sunanka Mamadu, alƙaluman da za ka kafa hujja da su ba su da yawa.

Namu ya fi bin asali fiye da launi, amma dabarar ɗaya ce. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana ƴar shekara 12, a kan jika 240, a yankin Birnin Ƙonni. Wahaya aka mai da ita, wato "mata ta biyar": ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba hakki. Da aka ba ta takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai kotun ƙasarmu ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure. Sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta samu Nijar da laifin ƙin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Alhali tun 2003 akwai doka mai hukunta bauta da shekara 10 zuwa 30. Dokar na kan takarda, alƙalai na kallon abin a matsayin al'ada.

Ku tuna kuma In Ates. A watan Maris 2005 an shirya bikin ƴanta mutum 7,000. Aka rushe shi, hukuma ta ce babu bauta a Nijar, daga baya aka kama Ilguilas Weila, shugaban ƙungiyar Timidria. Ita ce ƙungiyar da bincikenta ya nuna aƙalla mutum 43,000 na cikin bauta. Wanda ya ƙirga aka rufe, iyayengiji na gida suna shan shayi.

Wani zai ce ai wannan can Tawa ne da Tillaberi, mu a Agiye, Gazawa da Gidan Runji ina ruwanmu? To a je neman aure mu gani. Yaro ya gama jami'a, yana da aiki, yana salla, sai baffanni su ce a dakata a yi bincike. Binciken me? Ko kakansa bawa ne, ko gidan mahauta ne, ko wanzamai, ko maroƙa. Ba a faɗa masa dalili, sai dai "Allah bai yi ba". Kalmar buzu har yau zagi ce a bakin wasu da ke rantsuwa ba su nuna bambanci. Haka in zaɓe ya zo, kafin a tambayi ɗan takara me zai yi, an riga an tambayi wa ya haife shi. Kuma kar a kawo mana wasan taubasai a matsayin shaida. Wasan Bafillace da Babarbare abu ne mai kyau, har UNESCO ta karrama shi a 2014, amma tsakanin tsara da tsara ake yin sa. Bai taɓa ba jikan baiwa gona ko mata ba.

Abin haushi, mun iya gane wannan cuta in a kanmu ta faɗo. Da shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi jawabinsa na Fabrairu 2023 aka shiga korar baƙaƙe daga gidaje da wuraren aiki, ya fito ya ce shi ba mai wariya ba ne, ai cikin danginsa akwai masu auren ƴan Afirka. Muka yi dariya, muka yi tir. Motocin da ke zubar da ƴan'uwanmu a hamada kusa da Assamaka su ma ba su taɓa cewa don launi ba ne, "takardu" ne. Bakin da ya la'anci Tunis da safe, shi ke hana ƴarsa ɗan mahauci da yamma.

Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ga aiki nan a ƙofar gida. A shiga ƙauyukan Agiye a tambaya: su wa ke da gonar gado, su wa ke noma ta aro shekara da shekaru? A duba tsoffin majalisun gundumomi, daga waɗanne gidaje kansiloli suka fito? Aure nawa ya mutu a wajen bincike? In babu wariya, alƙaluman za su wanke mu, masu cewa a bar tone-tone ma ya kamata su fi kowa son a ƙirga.