Wasiƙa ga masu harbin nishaɗi: kafin ku sayi bindigar nesa

Zuwa ga 'yan'uwana masu zuwa filayen wasan harbi a Amurka, musamman sababbin shiga.

Maganata a kan wani yayi ne da ya kama mu. Mutum zai ƙulle ciki ya tara kuɗi, ya sayi bindigar da aka ƙera don harbin mita 1,000 ko fiye, alhali filin da yake zuwa duk Asabar bai wuce yadi 100 ba, wato mita 91. Filayen da ke kusa da birane galibi iyakarsu ke nan, na cikin gini kuwa yawanci yadi 25 ne.

Na san inda kwaɗayin ya samo asali. Wa bai ji labarin Craig Harrison ba, sojan Birtaniya da ya yi harbi daga nisan mita 2,475 a Afganistan a 2009 da harsashin .338 Lapua Magnum? Ga Barrett M82 da muke gani a finafinai. Sai kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007, Ruger ya biyo da Precision Rifle a 2015 a farashin da ɗan albashi zai iya. Daga nan kowa ya ga ai shi ma zai iya zama gwanin nesa.

To amma ku duba abin da ke faruwa a yadi 100. Harsashin .338 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ya isa allo. Iska ba ta samu sukunin karkatar da shi ba, bai kuma fara sunkuyawa ƙasa yadda za a damu ba. Ilimin harbin nesa kuwa gaba ɗayansa a nan yake: karanta iska, lissafin faɗuwar harsashi, sanin yadda za a murɗa madubin hange. Duk wannan yana kwance a filinku. Ka sayi tirela ne don ɗauko buhun gero ɗaya.

Da asarar ta tsaya ga aljihu da da sauƙi, ko da yake ita ma ba ƙarama ba ce. Harsashin .338 ɗaya daloli ne, kuma zafin albarushinsa yana cinye cikin bututu da wuri. Babbar ɓarnar a jikin maharbi take. Ku tsaya bayan sabon shiga da ya rungumi irin wannan bindiga, ku kalli fuskarsa, kada ku kalli allon. Tun kafin ya gama jan kunama ya runtse ido, kafaɗa ta zabura gaba don ta tari shurin da ke tafe. Shi bai san yana yi ba. Ku ɓoye masa harsashin bogi ɗaya a cikin na gaske: kunama za ta ce ƙyas, babu ƙara, amma bakin bindiga ya duƙa ƙasa. Wannan razana in ta zauna a jiki, fitarta aiki ne. Ban ma kawo zancen maƙwabcinsa na benci ba, wanda ƙarfen rage shuri ke watsa wa iska da ƙara a kunne har ya tattara kayansa ya tafi. Wasu filayen ma ba sa barin manyan harsasai saboda suna lalata allunan ƙarfe, jihar Kalifoniya kuwa tun 2004 ta yi dokar hana sayar da bindigogin .50 BMG.

Shawarata ita ce ku koma ga ɗan ƙaramin nan da kuke rainawa, .22 LR, wanda yake kasuwa tun 1887. Da shi ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik. 'Yan tseren kan ƙanƙara masu haɗawa da harbi ma da shi suke samun allon da faɗinsa milimita 45 ne kacal, a kwance, suna haki. Rashin saurinsa shi ne amfaninsa gare ku. In ka saita shi a yadi 50, kafin ya kai 100 ya sauka kusan taƙi guda, iska matsakaiciya kuma ta ture shi kamar faɗin tafin hannu. Ka ga dole ka kalli tuta, ka kalli ciyawa, ka yi lissafi. Darasin da mai babbar bindiga sai ya yi tafiyar awoyi zai samu, kai ga shi a filin unguwarku, kuma kuɗin harsashinsa ɗaya ya saya maka gommai. Gasar NRL22 a kan wannan tunani aka gina ta. Sai dai ƙanƙantar .22 kada ta ruɗe ku. Harsashin yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma kisa.

Wanda ke da filin yadi 1,000 kusa da shi, ban da shi a wannan magana. Wanda kuma kawai son bindigar yake yi, kuɗinsa ne, amma ya kira abin da sunansa, kada ya ce horo yake. Mai son ɗan ƙarfi, .223 ko .308 sun ishe shi.

Ku kuma masu shago da masu koyarwa, ku ji tsoron Allah. Kafin ku sauko wa yaro da mafi tsada daga bango, ku tambaye shi a wane fili zai harba ta, kuma yadi nawa ne.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a filin harbi