Ra'ayinmu: A sauƙaƙa wa ƴan kasuwa takardar izinin fita shan iska

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke wuni a rumfunan kasuwa, yau za mu taɓo wata magana wadda wasu za su ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa tana cinye wa talaka kuɗi da lokaci. Maganar ita ce ta neman izini idan ƙungiya tana son ta fita shan iska a wani lambu ko filin hukuma, ta shimfiɗa tabarmi, ta ci abinci tare da iyalanta.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. Mata masu adashe sun kai ƙarshen zagaye, ko ƙungiyar masu sayar da atamfa ta cika shekara, ko kuma an yi salla yara sun matsa a kai su wani wuri. Sai a tara jika-jika, a sayi shinkafa da kaji, a yi dambu, a ɗauki hayar mota. Gidajenmu na cikin gari sun yi ƙanƙanta, tsakar gidan haya ba ta ɗaukar mutum hamsin, zauren biki kuwa sai mai hali. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne inuwar itatuwan hukuma. A nan ne ake cin karo da tambayar da ke tsinka wa uwar adashe gaba: ina takardarku?

Mu a wannan jarida ba mu ƙi a nemi izini ba. Ɗan kasuwar Nijar ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan wuta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta bi bayanta a 2012, kuma har gobe akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Murhun gawayi guda da aka bari da rai a ƙarƙashin dogon yaro, cikin busasshen ganye da iskar hunturu, ya isa ya lashe abin da aka shekara talatin ana reno. Dajin da ya kewaye Yamai tun 1965 aka fara dasa shi domin ya tare wa birnin iska da rairayi, kuma an riga an ci masa iyaka da gine-gine da juji. Don haka idan hukuma ta ce tana son ta san su wane ne za su taru, su nawa ne, wa zai amsa idan aka yi ɓarna, ba ta yi laifi ba. Halin tsaron da ƙasa take ciki ma kaɗai ya isa hujja.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar samun takardar. Wuraren nan ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, inda jama'a ke yin dafifi a ranakun salla domin kallon namun daji, yana da nasa shugabanni da nasa kuɗin shiga. Daji yana hannun ma'aikatan gandun daji. Filayen cikin gari na ma'aikatar magajin gari ne, ita ma ɗin a rabe take: gundumomi 5 a Yamai, 5 a Damagaram, 3 a Maraɗi, 2 a Tawa, ga kuma babbar ma'aikata a bisansu. Matar da ba ta yi lakwal ba, ta yaya za ta san ƙofar da za ta buga? Ta je nan a ce ba nan ba ne, ta je can a ce mai sa hannu ya fita, ta komo ranar Juma'a ta tarar an tashi aiki tun da rana.

Ma'aikacin ofis albashinsa na tafiya ko ya sa hannu ko bai sa ba. Mai sayar da tumatir kuwa, wunin da ta rufe rumfa ta tafi bariki wunin asara ne: ga kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ga kaya na ruɓewa, ga mai saye ya koma wurin maƙwabciya. Kwana uku na irin wannan zirga-zirga sun fi kuɗin takardar kanta tsada. Shi ya sa da yawa suke haƙura da takardar, su tafi hakanan, idan mai gadi ya tare su a ɗan cusa masa na goro. Ƙarshenta baitulmalin gari bai samu ko dala ba, lambun bai samu mai shara ba, kuma idan aka yi ɓarna babu sunan kowa a rubuce.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar. Dokar 2004 da ta tsara zanga-zanga da jerin gwano a kan titi, wadda ta ce a sanar da hukuma tun kafin ranar, an yi ta ne domin masu fita kan hanya da kwalaye. Mata talatin da tukwanensu da goyonsu a gindin itace ba su ne abin nufi ba, kuma bai dace a auna su da mudu ɗaya ba.

Lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yuli na 2004, alkawarin da aka yi wa talaka shi ne za a kawo masa mulki kusa da ƙofar gidansa. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun nan, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Wannan ya ƙara musu nauyi ne, bai rage ba, domin ɗan majalisar unguwa da mace za ta iya tarewa a wurin suna ko jana'iza ta kai masa kuka babu shi. Gare su muke miƙa wannan kira.

Abin da muke nema ba ya bukatar kasafin kuɗi. A ware taga guda a kowace gunduma, wadda ita ce za ta karɓi buƙata ko filin na wane ne, ta ba da amsa a wuni guda. In da hali ma a ajiye ma'aikaci a ofishin kasuwa rana ɗaya a sati, tunda masu karɓar kuɗin tikiti ba su taɓa ɓatan hanyar rumfunanmu ba. A faɗi adadin mutanen da daga kansa ake bukatar izini, domin magidanci da matansa da ƴaƴansa kada a ce su ma ƙungiya ne. Kuɗin da za a biya kuma a rubuta shi a allo a bakin ƙofa, da Hausa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, a fara gwada mana a allon lambu. Duk dalar da aka karɓa a ba da takardar shaidar biya mai hatimi. Ita kuma mai tallan ruwan sanyi ko soyayyar doya da ke bin taron, wadda ta riga ta biya tikitinta na ranar, kada a sake tatsar ta a bakin ƙofa.

Mu ma ƴan kasuwa da namu laifin, kada mu ɓoye. Duk wanda ya bi ta wurin da aka yi taro washegari ya san abin da ido ke gani: leda baƙa da fara ta maƙale a kowace ƙaya, ƙasusuwa, toka, wani lokaci har reshen da aka karya aka hura wuta. Dokar hana leda tana nan tun 2014, amma mu ne muke ƙulla wa mai saye kaya a cikinta safe da yamma. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin kaji ashirin ba za ta kasa sayen buhu biyu da tsintsiya ba. Uwar ƙungiya ta naɗa mata biyu masu kula da shara, mutum guda mai kashe wuta da ruwa kafin a tashi, a rubuta sunayensu a jikin takardar. Idan hukuma tana son ta riƙe wani abu a matsayin jingina, mun yarda, da sharaɗin a mayar da shi a ranar idan an bar wuri da tsabta.

Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku kuke da bakin da ake ji a bariki. Ku sa wannan magana cikin abubuwan da za ku kai wa masu riƙon garuruwanku kafin salla mai zuwa, ku kuma tafi da shugabannin mata a cikin tawagar, domin su ne suke shan rana a layin.