Ka ɗauki hoton tsuntsun, amma ka riƙe adireshinsa

1/ Masu yawo da kyamara, ku matso. Ra'ayina: in ka ɗauki hoton tsuntsun da ya kusa ƙarewa a duniya, ka saka hoton mu yaba, amma kar ka faɗi inda ka gan shi. Wani aku na Ostireliya ne hujjata. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Sunansa akun dare. Ɗan ƙarami ne, kore mai ɗige-ɗigen baƙi da rawaya. Yana zaune a ƙungurmin dajin tsakiyar Ostireliya da suke kira Outback, inda za ka yi tafiyar awanni a mota ba ka ga gida ko ɗaya ba. Da rana yana ɓuya cikin wata ciyawa mai tsini, sai dare ya fito kiwo.

3/ Daga 1912 aka shiga neman sa kamar kuɗin guziri. A 1990 aka tsinci mushensa a gefen titi kusa da garin Boulia a jihar Kwinsland. A 2006 aka sake tsintar wani a gandun Diamantina, shi ma matacce. Hoton mai rai kuwa babu ko ɗaya.

4/ Sai a 2013 wani mai suna John Young ya fito da hoton rayayye, bayan kusan shekara 15 yana bin daji. Masu kallon tsuntsaye suka rikice, kowa na tambaya: ina ne wurin? Aka ƙi faɗa. A 2016 ƙungiyar Bush Heritage ta killace yankin, hekta 56,000, ta sa masa suna Pullen Pullen.

5/ Wasu suka ce rowa ce. Ni a wurina hankali ne. Tsuntsun nan a ƙasa yake yin sheƙa, cikin ciyawa. Ka ɗauka mota 20 sun dira wurin da dare, da fitilu, kowa na tattaka ciyawa yana neman kusurwa mai kyau. Uwa ta tashi daga kan ƙwai, wa zai dawo da ita?

6/ Ga kuma dabarar kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito. Shi yana zaton wani ne ya shigo masa yanki, sai ya bar maɓoyarsa ya zo faɗa. Kai ka samu hotonka ka tafi, shi ka bar shi a fili, a dajin da magen gida da suka koma daji ke farauta. Bai ja ruwa ba, amma shi ruwan zai doka.

7/ Na san me za ku ce: ai ɓoye-ɓoye ma yana da illa. Haka ne. A 2019 ƙungiyar Australian Wildlife Conservancy ta janye wasu rahotannin da Young ya kawo mata daga baya, bayan kwamitin masana ya yi shakkar hujjojin, har da ƙwan da ke cikin wasu hotuna. Inda ba mai dubawa, komai na iya shiga.

8/ To amma maganin wannan shi ne a kai bayanin wurin masana da masu gadin daji, su je su tabbatar da idonsu. Watsa shi ga mutum dubu 50 a intanet ba tantancewa ba ce. Cikinsu akwai mai son tsuntsu, akwai mai neman suna, akwai mai keji. Kai ba ka san wanne ke karanta ka ba.

9/ Ku duba abin da haƙuri ya haifar. A 2024 masu gadin daji na Ngururrpa, 'yan asalin ƙasar, tare da masana suka sanar da gano akun dare da za su kai 50 a hamadar Great Sandy, garke mafi girma da aka sani. Da me? Da na'urorin naɗar sauti da suka girke suka yi tafiyarsu.

10/ Wannan ya shafe mu. Wayarka na iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. A nan ma ana kama aku da ungulu ana kai su kasuwa. In ka ci karo da sheƙarsu, kashe alamar wuri kafin ka ɗora. Faɗin jiha ya isa, ba sai ka ambaci ƙauye da bishiya ba.

11/ Ka tsaya nesa, ka bar kyamara ta jawo maka shi. Ban da taɓa sheƙa, ban da kunna kuka. In tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba maka ido, ka matso da yawa, ja baya.

12/ Hoto ya yi dishi-dishi? Ba komai, gobe ma rana ce, matuƙar tsuntsun na nan. Duk wanda ya biyo ka ta akwatin saƙo yana cewa "don Allah ina ne wurin?", ka tura masa wannan zaren.