Kakashi bai samu albarka ba, rauni ya ji

Ƴan uwa masu ɗora labari kan Naruto da One Piece da Ingilishi, ku daina yaɗa wannan jerin na "their, there, they're" kamar laya. Ba don mu aka rubuta shi ba. Ɗan Amurka da kunne ya koyi harshensa, shi ya sa kalmomi masu sauti ɗaya ke rikita shi in ya zo rubutu. Mu kuwa a kan allo muka gamu da Ingilishi, a kwaleji, bayan Faransanci ya riga ya shimfiɗa tabarma cikin kanmu. Ramin da muke faɗawa daban ne.

Ina karanta labaranmu, ina ganin "Kakashi was blessed in the fight". Marubucin "blessé" yake nufi, wato an ji masa rauni. Abin da ya rubuta kuwa, an sa wa Kakashi albarka tsakiyar faɗa! Wani ya sa Sakura ta ce Sasuke "will eventually come back", yana nufin wataƙila ya dawo, kamar "éventuellement". Ingilishi ya ce tabbas zai dawo daga ƙarshe. Duk fargabar da ya gina babi biyar, kalma guda ta rushe ta. Haka "actually": ba yanzu ba ne, a gaskiya ne.

Sai wani ya ce mini: "To ai an gane, wasa ne muke." Walla ba a gane ba. Mai karatu a Manila bai san Faransanci ba, dariya zai yi inda kake so ya yi kuka, ya rufe shafin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne "his" da "her". Faransanci na cewa "sa mère" ko na namiji ko na mace, sai mu rubuta Naruto yana kewar "her mother". Uwar wa? Alhali Hausa ta raba mana tun muna goye: uwarsa, uwarta. Daidai da Ingilishi. Amma mun saba raina ta, mun gwammace mu bi ta Paris kafin mu isa London, mu ɓata a hanya. Kafin ka rubuta jimlar, faɗe ta da Hausa tukuna, ka ji mai uwar.